Sufeto Safiya da Tsohon Ɗakin Jini

Maryam, wannan babin ke na fi nufa da shi, ko da yake ina so ƙannenki Bashir da Nura su ma su zauna su karanta shi a natse, ba irin karatun Nura ba da yake yi a tsaye da makullin mota a hannu. Na san abin da kuka ɗauka game da shekarar da babanku, Allah ya jiƙan shi, ya rubuta labarin mai shan jini. Kun ɗauka tsufa ne ya taɓa mashi kai, ni kuma na biye mashi don ba ni da ta cewa a gidan. Na kuma ji abin da kika gaya wa Goggonku a ɗakin girki, cewa uwar da ba ta zubar da hawaye ba ranar da aka fita da gawar 'yarta, ba abin mamaki ba ne ta yarda a mai da sunan 'yar abin wasa a waya. Ban ji haushinki ba a lokacin, yanzu ma ban ji ba. Amma bangon ɗakin girkinmu na Ƙofar Durɓi bai kai kaurin da kike zato ba, kuma tun ranar nake ajiye da amsarki.

Sai na fara daga suna. Yayarku ita ce 'yar farinmu, aka kuma sa mata sunan mahaifiyar babanku. Kunya biyu ke nan ta hau kanmu lokaci guda, ta 'yar fari da ta sunan uwa. Sunan kun san shi, ga shi can a saman shafin nan. Ku kun taso a zamanin da uwa ke rungume ɗan farinta a ɗauke su hoto ta watsa wa duniya. Mu ba haka aka rene mu ba. Uwar kirki a wurinmu ita ce wadda ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabon shi, ba ta yi mashi wasa a gaban mutane. Dangi suka laƙaba mata Uwani, ni ko Uwanin bakina bai iya ɗauka ba. In ina nemanta sai in yi gyaran murya, ko in ƙwanƙwasa murfin tukunya, da kuka zo duniya kuma sai in ce ku kira mani yayarku. Babanku shi ma iyakar shi "ke yarinya". Ita kuwa ta gane mu sarai, har ta mai da abin tsokana. In ya kira, sai ta leƙo daga ƙofar ɗaki tana danne dariya.

"Wa ake kira? Yara da yawa ne a gidan nan, Baba."

Sai ya ɓata rai na ƙarya ya ce ta wuce ta kawo mashi buta. Bahaguwa ce, kun tuna, an yi dukan hannun har an gaji. Ga son ƙanzo. Ba ta taɓa barin tukunyar tuwo ta kai ga jiƙo ba, sai ta ja ta gefe ta hau ƙanƙara da cokali, ƙarar na shiga har cikin haƙorana. Na yi faɗan ƙarar nan shekara da shekaru, daga baya kuma na zauna ina neman ta.

Babanku aikin shi duka a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya yi shi, ɓangaren jini. Shi ke ɗiba, shi ke gwadawa, shi ke jera ledojin jini a firij. Ya san irin jinin mutane da yawa a garin nan da ka, ya san wane mahauci ne zai dace da wane maras lafiya, wane direba ne ba ya gudun allura. Ba na iya tuna yawan matan da aka zo aka yi sallama da shi saboda su, ya ajiye lomar tuwo ya fita. Bai daɗe da yin ritaya ba yayarku ta haihu a gidan mijinta, jini ya ɓalle mata. Da hantsi aka kai ta asibiti, ma'aikata suka yi iya yin su, ban ga laifin kowa ba. Jininta irin wanda ba a cika samu ba ne, nashi bai dace ba, nawa ma haka. Ya tuna da wani tela a Babbar Kasuwa mai irin jinin, ya hau babur da kan shi ya je ya ɗauko shi daga kan keke. Suna shigowa ana ja mata mayafi. Jaririn ma bai kai la'asar ba.

Ranar na zauna a kan tabarma da carbi a hannu, mata na shigowa suna gaisuwa ina amsawa da murya ƙalau. Tsofaffi suna ta cewa Rabi akwai kara, Rabi akwai dauriya. Ke kuma kina kallona ta gefen ido, na gan ki. Kukana a banɗaki na yi shi, ina kwarara ruwa a bokiti don kar a ji. Haka na ga uwata ta yi lokacin da babban wana ya rasu, ban san wata hanya ba.

Ni na ci gaba da tafiya, babanku ne ya tsaya cak. Masallaci kawai ke fitar da shi. In ya dawo sai ya zauna a kujerar roba ƙarƙashin bishiyar darbejiyar tsakar gida, hannu biyu a kan gwiwa, har a kira wata sallar. Rediyon da ba ya rabo da ita ta yi ƙura. Abinci sai ya tsakura ya ture. In na yi magana ya ce "to", in na yi tambaya ya ce "duk ɗaya". Mutumin da a da in ya fara labarin asibiti sai tuwo ya huce. Rigunan shi suka yi mashi yawa, na riƙa kai su ana rage su a ɓoye don kar ya lura. Tsoro nake ji ƙwarai, don na ga yadda ake bin mamaci a hankali ba tare da ciwo ba, kuma na ga ya kama hanyar. Damina ta zo ta wuce a haka. Nura ya saya mashi babbar waya ko za ta ɗebe mashi kewa, ta yi makonni a kwalinta. Sai wata rana Nura na kallon wani fim na Turawa a falo, irin na mutanen nan masu dogayen haƙora da ke shan jinin mutane ba sa mutuwa, na ga babanku tsaye a bayan shi da buta a hannu, ya daɗe yana kallo. Bayan wannan na fara ganin shi da tabarau a kan hanci yana tsikarar wayar da yatsa guda. Na ɗauka azkar yake karantawa.

Wata yamma ina tsince shinkafa, sai na ji ya yi gyaran murya.

"Rabi."

"Na'am, Malam."

"Wai yaushe ake zuba kuka a miya?"

Na ajiye faranti na dube shi. Rabon da in ji doguwar magana irin wannan daga bakin shi har na manta.

"Mi za ka yi da kuka?"

"Ke dai ki hwaɗa mani. Da farko ake zubawa ko da ƙarshe?"

"Malam, tun kan a haifi yaran nan kake shan miyar kuka a gidan ga, ba ka taɓa tambaya ba. Sai ruwa ya tafasa, kayan miya sun nuna, sannan a barbaɗa ana kaɗawa da maburgi. Ba a rufe ta a tahi."

Sai ya ce a hankali, "To shi ya sa suke mani dariya."

Ya miƙo mani wayar. Ashe ya shiga wani zaure na masu karatun littafi a waya, inda marubuta ke sa labari kashi-kashi, masu karatu na tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. Kusan duk mata ne. Shi kuma ya fara nashi labarin da sunan Mai Labari, ba wanda ya san ko mace ce ko namiji. Labarin wata 'yar sanda ce mai bincike, Sufeto, wadda wani mai shan jini ya kai wa hari tana kan aiki. Jininta ya zuba har ya ƙare, amma ba ta mutu ba. Ta tashi ta zama irin su, rana na ƙona ta, abinci ba ya zama a cikinta, sai jini. Da rana tana fita da niƙabi da safar hannu, kowa ya ɗauka ustaziya ce. Ba ta taɓa cutar da mutum ba. Akwai wani tsoho a ɗakin jinin asibiti da ke ajiye mata ledojin da kwanansu ya ƙare, in magariba ta yi ta zo ta ƙofar baya ta karɓa. Baiwarta ita ce in ta shinshina ɗigon jini a wurin da aka yi kisa, ta san na wane ne, ta bi shi har gida. Tana girki kullum don kar maƙwabta su zarge ta, to a nan ne babanku ya sa ta zuba kuka cikin ruwan sanyi ta rufe tukunya ta tafi kamo ɓarawo.

Na gangara ƙasa inda masu karatu suka yi magana. Wata ta ce, wannan marubuciyar a gidan wa ta koyi girki, a taimaka a gaya mata kar a je cin abinci can. Wata ta ce, a wancan babin ma an yi wa Sufeto shuku tsakanin magariba da isha'i, a ba ta adireshin mai kitson. Wata ta ce, ta sa lalle yanzu-yanzu ta kuma zaro bindiga, ko bindigar ce ake so ta yi ja. Sai wata ta yanke magana, ta ce ku daina wahalar da kanku, wallahi wannan namiji ne. Dariya ta ƙwace mani har shinkafa ta zube. Na ɗago na ga gefen bakin babanku ya motsa. Kaji suka cinye shinkafar, ban ko kore su ba.

Sai da dariyar ta lafa na koma saman labarin, idona ya sauka a kan sunan Sufeton. Na ƙara karantawa, na ga da hannun hagu take riƙe bindiga. Na ga in ta gama tuwon da ba za ta ci ba, takan ja tukunyar gefe ta ƙanƙare ƙanzon da cokali, ta kai hanci ta shinshina, ta ajiye. Na mai da mashi wayar. Bai ce mani ita ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce dai gobe in zai sa ta yin wani aikin mata, ya tambaye ni tukuna kar ya ƙara ba mu kunya.

Daga ranar na samu aiki. Yanar ido ta fara damun shi, ƙananan rubutu na yi mashi wuya, ni kuwa tsohuwar malamar firamare ce, karatu a bayyane sana'ata ce. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma kusa da kujerar shi, in karanta mashi abin da ya rubuta ya ji kurakuran shi, sannan in karanta mashi maganganun mutane. Duk inda sunan ya fito sai in ce "Sufeto" in wuce. Ya san ina tsallakewa, bai taɓa ce mani uffan ba. Ni na koya mashi cewa macen da za ta shiga gidan suna neman labari ba ta fara tambaya sai ta ɗauki jariri ta yaba hancin shi. Ni na gaya mashi ba a gudu da zani sai an kama bakin shi, kuma mai ɗinkin da ta ce gobe, jibi take nufi. Yana saurare da baki buɗe kamar ɗan aji ɗaya. Shekarun nan duka muna gida guda, ashe bai taɓa sanin rabin abin da ke gudana a cikin shi ba. Ya fara gama tuwon shi, ya kuma sa aka goge rediyo.

Da ya fito fili ya ce shi namiji ne, dattijo ma, zauren ya kama da wuta. Wasu suka fice. Wasu suka ce ina ruwan namiji da labarin mace, ya je ya rubuta na 'yan uwan shi maza. Wasu suka ce jini haramun ne, don haka labarin ma haramun ne, wasu suka ce ai lalura ce. Aka yi kwanaki ana musu ko azumin Sufeto yana yi tunda dama ba ta ci da rana, har wata ta ce ta tambayi mijinta malami ne, ya ce ta tashi ta ba shi wuri. 'Yan mata suna ta roƙon a kawo mata saurayi. Amma wadda ta fi kowa zafi wata ce daga Funtua mai kiran kanta Maman Ilham. Ba ta zagi, ba ta kuma yafe kuskure. Ta rubuta cewa ta gaji da matan da maza ke rubutawa, ko dai a yi su zuma ko a yi su guba, a ɓata shafi uku ana kwatanta idonsu da ƙugunsu, ga shi yanzu an samu wanda ya mai da mu mayu. In na karanta nata, babanku sai ya sosa ƙeya.

"Wagga mata ba ta ƙaunata, Rabi."

"Ba ta ƙaunarka take riga kowa karantawa?"

Maganar ba ta tsaya a waya ba. Katsina ba ta da girman da za a ɓoye abu irin wannan. Wata surukar Alhaji Mamman, wan babanku, tana cikin zauren, ta haɗa sunan Sufeto da tsohon ɗakin jini ta gane. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Alhaji Mamman da babbar rigar shi. Na kawo ruwa na durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙarin haƙuri, na amsa. Zan tashi ya ce in zauna, maganar ta shafe ni.

"Lawal, abin da nike ji gaskiya ne? Ka ɗauki sunan mahaifiyarmu, sunan ɗiyarka da ke kwance a kabari, ka liƙa wa mayya?"

Babanku ya sunkuyar da kai. "Ba mayya ba ce, Yaya."

"Mai shan jini mi ne ne sunanta a garin ga? Ka san abin da kalmar nan ke yi wa gida. Kana da ɗiya a gidan miji, kana da samari da za su nemi aure. Ka goge abin nan yau, kuma ka bari ke nan."

Na ga hannuwan babanku sun koma kan gwiwa, irin zaman nan da na sani. Alhaji Mamman ya juyo gare ni.

"Rabi, ke ce uwa. Ke kika fi kowa haƙƙi a kan sunan nan. In kika ce shi bari, zai bari."

Gaskiya ya faɗa, da na ce ya bari da ya bari. Kuma ba zan ɓoye maku ba, sunan nan a bakin baƙi yana yi mani ciwo kullum, kuma na san abin da kalmar maita ke jawowa. Ban taɓa musa wa Alhaji Mamman ba tun da aka kawo ni gidan. Na dubi ƙasa na yi magana.

"Yaya Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ranar da aka yi rasuwar nan gawa biyu kuka fitar, ta uku kuka bar mani zaune a kujerar can. Ni kaɗai na zauna da ita. Yanzu da ta fara cin abinci tana tambayata yadda ake kaɗa kuka, ba ni zan ce ta koma ba."

Ya tashi ya kaɗe riga ya fita, ruwan ma bai sha ba. Bai sake taka gidanmu ba sai a jinyar ƙarshe ta babanku, kuma na san zumuncin da na yanke tsakanin wa da ƙane ba ƙarami ba ne. Maƙwabciyarmu ta hana jikokinta karɓar abin hannuna, yaran da nake yi wa wanka. Ke ma, Maryam, uwar mijinki ta yi maki gori a gaban facalolinki, na sani, kuma kin yi watanni ba ki zo ba. Wannan shi ya fi yi mani ciwo, don ke ba ki zaɓi komai ba, ni na zaɓa maki. Na auna ɓacin ranki da ran babanku, na san ke za ki huce.

Labarin ya ci gaba har aka shiga zafi. Sufeto ta kama masu satar yara, ta kama wani attajiri da ya kashe direban shi, masu karatu suka dawo har da sababbi. Sai wata la'asar na buɗe wayar na ga dogon saƙo daga Maman Ilham. Na ce mashi ya gyara zama, ga mutuniyar shi. Na fara karantawa ina shirin dariya.

Ta ce ta koma ta karanta labarin tun daga farko don ta tattara laifuffukan shi, sai ta ga wani abu. Ta ce bai taɓa kwatanta jikin Sufeto ba ko sau ɗaya, ba ta san ko fara ce ko baƙa ba, amma ta san lokacin da take jin sanyi, ta san in takalmi ya matse ta. Ta ce ba haka maza ke rubuta mace ba in sha'awarta suke, haka uba ke kallon ɗiya. Sannan ta ce, a duk babi Sufeto na zuwa ƙofar baya, kuma ba a taɓa yin ranar da ta zo ta tarar babu jini ba. Ko ana ruwa, ko an ɗauke wuta, ko an rufe hanya, tsohon nan yana tsaye da ledar a hannu, ya riga ta isa.

Na daure na kai ƙarshe. Ta ce kowa a labarin yana kiran Sufeto da sunanta, har ɓarayi, ban da tsohon, shi kullum "ke yarinya". Ta ce, Malam, ban san wa ka rasa ba, Allah ya jiƙanta. Na janye maganar mayu. Amma ni uwa ce kuma ni ma 'yar fari ce, babana ya rasu bai taɓa kiran sunana ba. Don Allah kafin ka rufe labarin nan, ka bar tsohon ya kira ta sau ɗaya.

Mai tallan gyaɗa ta yi sallama ta gaji ta tafi. Can babanku ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Na gwada, Rabi. In na sa sunan a bakin kowa yana tahiya. In na zo kan tsohon, yatsana ba ya zuwa."

"To ka hwaɗa da baki, ni in rubuta."

Ban san lokacin da na faɗi haka ba. Washegari da hantsi, bayan na gama shara, muka zauna. Ya jingina da kujera ya rufe ido yana faɗa, ina bugawa. Sufeto ta gama aikinta na ƙarshe, za a mai da ita wani gari mai nisa. Ta zo ƙofar baya da magariba kamar kullum. Tsohon ya miƙa mata ledar, ya ce ta riƙe da kyau, ya ce can garin akwai sanyi ta nemi rigar kirki. Ta karɓa da hannun hagu ta juya za ta tafi. Babanku ya tsaya a nan. Na jira, ban taimake shi ba. Sannan ya faɗi sunan, da ƙarfi, irin yadda ake kiran yaro daga ɗaki, har kaji suka watse. Na buga. Ya ce in rubuta cewa ta tsaya, ta leƙo ta gefen ƙofar tana danne dariya, ta ce wa ake kira. Ya ce shi ke nan, nan ne ƙarshe.

"Karanta mani in ji."

Na karanta tun daga sama, muryar aji, tsaf. Na wuce ledar, na wuce rigar sanyi, na wuce hannun hagu. Na iso wurin. Na buɗe baki zan ce "Sufeto" kamar yadda na saba, sai na ga ba zai yiwu ba, tsohon ba Sufeto ya ce ba. Babanku ya buɗe ido yana kallona. Tun ranar da aka raɗa mata shi a zauren gidan nan ina ɗaki ina jin maroƙi na shelar shi, sunan nan yake cikin bakina, na goya ta da shi, na aurar da ita da shi, na bari aka fita da ita da shi.

Na ce, "Safiya."

Kukan da kika nema a fuskata ranar gaisuwa, Maryam, ranar na yi shi, a tsakiyar tsakar gida, da rana tsaka, ba bokiti ba ruwa. Babanku ya sauko daga kujerar ya zauna kusa da ni a kan tabarma. Da na lafa, ya ɗauki wayar da ta faɗi, ya goge mata ƙasa, ya sa mani a hannu.

"Sake karanta wurin, Rabi."

Na sake.